Awon Basira ko Awon Gida?

Duk lokacin da na ji ana cewa jarrabawa ba ta san ɗan kowa ba, sai Carl Brigham ya faɗo mini a rai. Malami ne a Jami'ar Princeton, kuma shi ya tsara SAT, jarrabawar shiga jami'a a Amurka, wadda ɗalibai kusan 8,000 suka fara zanawa a 1926.

A 1923 ya fitar da littafi kan gwajin basirar da aka yi wa sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu asali daga arewacin Turai suka fi maki, baƙi daga Italiya da Poland suka biyo baya, baƙar fata suka zo ƙarshe. Brigham ya ce a jini abin yake. Alhali yawancin baƙin nan Ingilishi bai zauna a bakinsu ba, baƙar fatar Kudu kuwa makarantun da aka ware musu ba kuɗi, ba littattafai, zangon karatunsu ma gajere. Alƙalumansa da kansu sun nuna makin baƙo na ƙaruwa gwargwadon daɗewarsa a ƙasar, amma ya kau da kai. A 1930 ya fito fili ya janye maganarsa, kuma ina ganin girmansa kan haka. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe, tun 1924 aka kafa dokar taƙaita shigowar irin waɗannan baƙi.

Shugaban Jami'ar Harvard, James Conant, da kyakkyawar niyya ya rungumi jarrabawar SAT a 1934. Yana neman haziƙin yaro daga garin da ba a san shi ba, ya ba shi tallafin karatu. An samu irinsu. Amma Stanley Kaplan na Brooklyn ya nuna ana iya horar da yaro makinsa ya tashi, horon kuwa sai mai abin biya.

Binciken masana a Harvard a 2023 ya gano cewa 'ya'yan kashi 1 cikin 100 mafi arziki sun ninka 'ya'yan talakawa sau 13 wajen samun maki 1300 ko sama da haka cikin 1600. Wannan ya tsaya mini a rai, domin littafin da ke gida, da unguwa, da malamin aji, duk tare da yaro suke shiga ɗakin jarrabawa.

Jami'ar California ta yanke shawarar ajiye SAT a 2020. Jami'ar MIT kuma ta dawo da ita a 2022, tana cewa ba tare da ita ba haziƙin ɗan talaka ɓace mata yake yi.