Kwamfutar montajin bidiyo: yadda ake harhaɗa ta da kuɗi kaɗan

Masu ɗaukar bukukuwan aure da suna, da masu shirya waƙoƙi da wasannin kwaikwayo a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, sun san ɗaukar hoto rabin aiki ne. Sauran rabin yana kan tebur, wurin yankewa da jerawa da gyaran sauti da launi, abin da ake kira montaji. Kwamfutar teburi da aka harhaɗa gunduwa-gunduwa ta fi ta tafi-da-gidanka mai kuɗi ɗaya da ita ƙarfi, ta fi jure zafi, kuma in wani ɓangare ya lalace shi kaɗai ake canzawa. Abin da ke raba mai riba da mai asara shi ne sanin inda ya kamata kuɗin su fi yawa.

Furosesa da babban allo

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar. Mai cibiya 6 ta isa aikin bidiyon 1080p, kuma tana iya ɗaukar 4K mara nauyi. Biyu da suka yi suna a wannan aji su ne Intel Core i5-12400 da AMD Ryzen 5 5600, dukansu na 2022. Kowace da irin babban allon da take zama a kai: ta Intel tana son mazaunin LGA1700, ta AMD kuwa AM4, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Don haka furosesa ake fara zaɓa, sannan allo.

Akwai bambancin da ya shafi aljihu. i5-12400 tana da sashen hoto a cikinta, tare da fasahar Quick Sync mai saurin karanta bidiyon H.264 da H.265, irin wanda wayoyi da yawancin kyamarori ke fitarwa. Ana iya soma aiki da ita ba tare da katin hoto ba. Wadda aka rubuta wa F a ƙarshe, wato 12400F, ba ta da wannan sashe, haka ma Ryzen 5 5600: in babu kati, ko hoto ba zai fito ba.

RAM da ma'ajiya

Giga 16 na RAM shi ne mafi ƙanƙanta ga montaji, mai aikin 4K kuma ya nemi 32. Sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, domin suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Nau'in DDR4 da DDR5 ba sa shiga rami ɗaya, sai a duba wanda allon yake karɓa.

Bidiyo yana cin wuri. Awa ɗaya ta 4K da aka ɗauka a kan megabit 100 cikin daƙiƙa tana kai giga 45. Tsarin da ya fi dacewa shi ne ma'ajiya biyu: SSD irin NVMe mai giga 500 ko tera 1 don Windows da aikin da ke hannu, da babban faifai mai juyawa don adana wanda aka gama. Bikin aure ba ya maimaituwa, saboda haka kwafi na biyu a wani faifai na waje wajibi ne kafin a goge katin kyamara.

Katin hoto

Shi ne yakan fi kowane ɓangare tsada, kuma manhajar da za a yi aiki da ita ce ke nuna girman bukatarsa. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design yana da nau'i na kyauta, amma ya dogara sosai ga kati. Adobe Premiere Pro ana biyan kuɗinsa wata-wata ko shekara-shekara. Shotcut da Kdenlive kyauta ne, kuma ba su da nauyi. GTX 1660 Super mai giga 6 ya isa 1080p, RTX 3060 mai giga 12 kuma ya fi sakewa a 4K da gyaran launi. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana da dabarar furoksi: manhajar ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi a yi montaji da su, sai wurin fitarwa ta koma ga na asali.

Wuta, zafi da ƙura

Nan ne ba a yin rowa. Akwatin wuta mai wat 550, mai shaidar 80 Plus Bronze, ya wadaci irin wannan haɗi, mara suna kuwa in ya ƙone yana iya tafiya da allo da kati. Ɗaukewar wuta da hawa da saukarta, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, suna lalata faifai su ɓatar da aikin yini guda. Ondilar mai ƙarfin VA 1000 ko fiye, wanda ke daidaita wuta, yana ba da ƴan mintocin adana aiki a kashe na'ura lafiya. Akwati ya zama mai fanka gaba da baya da ragar tare ƙura, a ɗora shi kan tebur, a riƙa hure shi a kai a kai lokacin hunturu.

Kayan hannu

Akwati, allon kallo da furosesa ba su cika ba da matsala ba ko an saye su na hannu. Katin hoto sai an gwada shi da aiki mai nauyi a gaban mai saye. Akwatin wuta da faifai kuwa gara sababbi. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex suna da araha, sai dai ƙananansu ba sa ɗaukar babban kati, kuma Windows 11 ba ya karɓar furosesar Intel da ta gabaci zubi na 8, alhali Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

In kuɗi sun gaza, katin hoto ake jinkirtawa, a ƙara shi daga baya. RAM, SSD da ondilar su ne ba a farawa sai da su.