Rahoton ƙarya da ya haifi tarihin Tourmalet

Jama'a, masu kallon tseren keke na Tour de France sun san Tourmalet, mashigin nan na duwatsun Pyrenees a kudancin Faransa, mai tsayin mita 2,115. Babu mashigin da gasar ta hau sau da yawa kamarsa. Amma kun san da ƙarya ya shigo gasar?

Jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro gasar a 1903 don ta samu kasuwa. A 1910 shugabanta Henri Desgrange ya tura ma'aikacinsa Alphonse Steinès ya dubo ko keke zai iya bin hanyar. Ƙanƙara ta tare motarsa, ya ci gaba da ƙafa cikin dare, ya ɓace, da ƙyar aka tsinto shi sanyi ya kusa kashe shi. Duk da haka ya buga wa maigidansa waya cewa hanya lafiya lau take.

Wa ya biya kuɗin wannan rahoto? Mahaya. A Yulin shekarar aka sa su tafiyar kilomita 326 daga Luchon zuwa Bayonne, a kan tsakuwa, da kekuna masu nauyi. Octave Lapize, wanda ya fara kaiwa ƙololuwa, sai da ya sauka ya tura kekensa. Da ya isa dutsen Aubisque a ranar, ya dubi jami'an gasar ya kira su masu kisan kai.

A 1913 kuma, fok ɗin keken Eugène Christophe ya karye yana gangarowa. Doka ta hana a taimaki mahayi, don haka ya saɓi keken ya taka har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya ɗauki guduma da kansa. Bayan sa'o'in da ya yi asara, alƙalai suka ƙara masa tarar mintuna, wai don wani yaro ya yi masa zuga!

Yau hanyar ta sha kwalta, 'yan kallo na cika gefenta, ana yabon ƙarfin halin Steinès. To, sa'a ce ya taka. Duk wanda aikinsa rubuta wa na sama rahoto ne, ya tuna fa: abin da ka sa wa hannu a ofis, wani ne zai hau shi da ƙafarsa. Allah Ya sa mu faɗi gaskiya ko da maigida ba ita yake son ji ba.