Kusanci Ba Ya Wadatarwa: Ƙiyasta Zafin Gonakin Aladu daga Tashoshin Yanayi

Alade dabba ce da zafi ke saurin galabaitarwa, domin gumin da take yi bai isa ya sanyaya jikinta ba. Shi ya sa take haki, tana birgima a taɓo. Mai shayarwa kuwa, idan zafi ya haura digiri 25, sai ta rage cin abinci, nono ya ja baya, 'ya'ya su tsumbure. Binciken St-Pierre da abokan aikinsa na 2003 ya ƙiyasta cewa zafi na jawo wa masu kiwon aladu a Amurka asarar kimanin dala miliyan 300 a shekara.

Gonaki kaɗan ne ke rubuta zafin kowace rana, don haka masu bincike kan ari alƙaluman tashar yanayi mafi kusa. Wannan maƙala na ganin kusanci kaɗai bai isa hujja ba, domin tudu da kwari sukan fi nisa tasiri. A matsakaicin lissafi, iska na sanyaya da digiri 6.5 duk mita 1,000 da aka hau. Filin jirgin saman Jos yana sama da mita 1,200 daga doron teku, yankin Kafanchan kuwa, inda kasuwar aladu ta Katsit take, bai kai mita 800 ba. Wanda ya ɗora alƙaluman tashar filin jirgin Jos a kan gonar Kafanchan ya zabtare kusan digiri 3, ratar da ke iya ɓoye ranakun da dabba ta wahala.

Gyaran shi ne a haɗa tashoshi da dama, a ba na kusa nauyi fiye da na nesa, sannan a daidaita bambancin tsayi. A saka laimar iska cikin lissafin, tunda haki ba ya sanyaya jiki sosai idan iska ta jiƙe.

Za a iya cewa wannan wahala ce kawai, tunda tasha tana auna iska a inuwa, mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, alhali alade na kwance ƙarƙashin rufin kwano da rana ta gasa. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai zafin waje shi ne mafarin na ciki, kuma tasha ce ke da tarihin shekaru. Abin da ya dace shi ne a kafa ƙananan ma'aunai a wasu gonaki na tsawon rani da damina, a gwada su da ƙiyasin, kafin a gina wata shawara a kansa.