Masallacin Jenne: Tsakanin Kiyaye Gado Da Bukatar Zamani

Kafin a aza tubalin farko, ya kyautu mu waiwayi labarin wani masallaci na ƙasar Mali, watau Babban Masallacin Jenne, wanda babu ginin laka da ya kai shi girma a duniya.

Masana tarihi sun ce tun wajen ƙarni na 13 aka fara gina masallaci a wannan wuri, sa'ad da sarkin garin, Koi Konboro, ya musulunta. Da Shehu Ahmadu na Masina ya ci garin, sai ya gina wani, ya bar tsohon ya lalace. Bature Rene Caillie ya same shi cikin wannan hali a 1828. Wanda ke tsaye yau an gama shi a 1907, zamanin mulkin Faransa, kuma sarkin magina Isma'ila Traore ne ya shugabanci aikin. An ɗora shi bisa tudu saboda ambaliyar kogin Bani, ginshiƙai 90 ke riƙe da rufinsa. Itatuwan giginya da suka fito daga bango kuwa ba don ado kaɗai aka kafa su ba, su ne matakalar masu yaɓe. Kowace shekara gari duka kan fito a yi masa sabon yaɓe, mata na jan ruwa, samari na ɗauko laka, dattawan magina na duba aiki.

A 1988 hukumar UNESCO ta sa Jenne cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙi masu yawon buɗe ido suka yi ta zuwa, kuɗi ya shigo, amma da sharaɗi mai nauyi: ba a sāke kamannin gidajen tsohon gari. Magidanci yana son siminti da ɗaki mai faɗi, doka ta ce sai laka, alhali shi ne zai yi yaɓe kowace damina, baƙo kuwa ya ɗauki hoto ya tafi. A ganinmu ƙorafinsa yana da hujja. Masallacin kansa ya karɓi lasifika, bai rage masa kwarjini ba.

Sa'an nan ga wani abin mamaki. Yaɓen nan na shekara-shekara, wanda shi ya raya ginin, shi ne kuma ya yi ta taruwa bisa juna har ya yi wa bango da rufi nauyi. A 2006 Gidauniyar Aga Khan ta aiko a duba rufin. Mutanen gari suka ga baƙi a saman masallacinsu ba tare da an yi musu cikakken bayani ba, sai tarzoma ta tashi. Daga baya aka daidaita, aka shiga gyara tare da maginan garin, aka kankare tsohon yaɓe. Ana cikin aikin, a watan Nuwamba 2009, ruwan sama mai ƙarfi ya rushe saman hasumiya ɗaya, aka sāke gina ta da laka.

Zariya ta bi wata hanya dabam. Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarim an lulluɓe shi da ginin siminti a shekarun 1970, mai son ganin kamanninsa na dā sai ya je gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwatankwacinsa.

Jenne kuwa, bayan rikicin da ya ɓarke a Mali a 2012 baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin masu masauki da 'yan rakiya ya yanke. A 2016 UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari.