Tarihin Ruwa Kan Ruwa, Daga Babila Zuwa Makka

 

Mutane da yawa suna zaton kuɗin ruwa mai haihuwa, wato wanda ake ɗora ruwan bara a kan uwar kuɗi sannan a yi wa duka sabon ruwa, banki ne ya ƙago shi. Ina! Ya girmi banki nesa ba kusa ba.

A gidan tarihi na Luvur da ke Faris akwai wani allon yumɓu daga ƙasar Babila, Iraƙi ta yau, wanda ya haura shekara 3,500. Tambayar lissafi ce a kansa: bashi mai ruwan kashi 20 cikin 100 a shekara, yaushe zai ninka? Mu gwada da sefa 100,000. Idan uwar kuɗi kaɗai ake wa ruwa, sai shekara 5. Amma in ruwan yana haihuwa, shekarar farko 120,000, ta biyu 144,000, ta uku 172,800, ta huɗu 207,360. Kun ga ya ninka tun shekara ta huɗu ba ta cika ba.

Na Larabawan jahiliyya ya fi wannan tsanani, kuma shi ya fi kamata ɗalibi ya riƙe. Imam Ɗabari ya kawo bayanin Zaidu ɗan Aslam a tafsirin aya ta 130 ta Suratu Ali Imrana. Idan ajali ya yi, mai bin bashi zai zo ya ba ka zaɓi: ko ka biya, ko a ƙara. Wanda ake bi 100 ya kasa, baɗi ta koma 200, in ya sake kasawa ta zama 400. Har raƙuma ba su tsira ba. Wanda ake bi bintu makhali sai ta koma bintu labuni, sannan hiƙƙa, sannan jaza'a. Waɗanda suka karanta babin zakka a Risala sun san waɗannan sunaye, kowace ta girmi 'yar'uwarta da shekara guda. Ku duba fa, wa ke neman jinkiri in ba wanda hannunsa ya bushe ba? Shi ne kuma ake ninka wa.

Masu tafsiri sun ruwaito cewa Banu Amru na ƙabilar Saƙifa ta Ɗa'ifa suna bin Banul Mugira na Makka irin wannan ruwa. Bayan buɗe Makka suka zo karɓa, Banul Mugira suka ce mu kam mun musulunta, ba za mu biya ba. Ƙara ta je gaban Attabu ɗan Asidi, gwamnan Makka, ya rubuta wa Annabi (SAW) Madina, sai ayoyin ƙarshen Baƙara suka yanke hukunci: uwar kuɗi kawai. A Hajjin Bankwana kuma, shekara ta 10 bayan hijira, Annabi (SAW) ya soke ribar jahiliyya, ya fara da ta baffansa Abbas. Daga gida aka fara.

Turawa daga baya sun sauƙaƙa lissafin. A 1494 wani malamin Italiya, Luka Pacioli, ya buga littafi a Benis, ya ambaci dabarar nan: raba 72 da yawan ruwan, abin da ya fito shi ne kusan lokacin da bashin zai ninka. Kusan fa, ba daidai wa daida ba. Ajiyar wata-wata mai ruwa a banki ita ma haka take tafiya, sai dai kowane zubi da nasa shekarun, na farko ya fi haihuwa.

Ni a ganina koyon wannan lissafi ba laifi ba ne ga almajiri, kariya ce. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini takardar bashinsa bayan Magariba, kashi 10 a wata, abin da bai biya ba a ɗora. Shi a ransa ɗan kaɗan ne. Muka raba 72 da 10, wata bakwai da 'yan kwanaki ya ninka. Muka bi wata-wata har sha biyu, jika ɗari ta haura 313,000. Bai iya cewa komai ba, hularsa kawai ya cire ya riƙe.

Ɗaliban aji na sama, ku lissafo mini 50,000 a kashi 5 a wata, tsawon wata shida, ku zo da shi darasin Asabar.