A Kori Shugaba? Waiwaye a Kan Tarihin Kano Pillars

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a fadar matasa a birnin Tawa, ko a bakin kasuwar Takanamat, da maraicen ranar da aka buga wasan ƙwallon ƙafa, ya san yadda shari'a take gudana a can. Kafin a sauke shayi na biyu an riga an yanke hukunci: ƙungiya ta sha kashi, saboda haka a kori shugabanta. Adarawa mutane ne matafiya cin rani, daga Kano har Abijan, kuma cikin tsarabar da suke komowa gida da ita har da son ƙungiyoyin garuruwan da suka zauna. Shi ya sa rikicin Kano Pillars, wadda magoya bayanta suke yi wa kirari da "Sai Masu Gida", bai zama baƙon labari a ƙasar Adar ba.

Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko tsohuwa ce: idan ƙungiya ta shiga halin ni-ƴasu, korar babban jami'inta magani ce? Ya kamata mai karatu ya bambance mutum biyu tun daga farko. Akwai mai horarwa, wanda yake tsaye a bakin fili yana tsara ƴan wasa. Akwai kuma shugaba ko babban manaja, wanda yake zaune a ofis. Shi ne mai ɗauko mai horarwa, mai sayen ƴan wasa da sayar da su, mai neman kuɗin albashi da na tafiya, mai kula da fili da tsaron baƙi. Aikin mai horarwa ana ganinsa cikin minti 90, amma na shugaba sai an shekara biyu ko uku kafin a san abin da ya shuka. A kan wannan mutum na biyu za mu yi magana.

Zamanin ɗaukaka

Kano tsohuwar hannu ce a ƙwallo. Tawagarta ta ɗauki kofin ƙasa tun a 1953, kuma Raccah Rovers ta birnin ta lashe gasar lig ta Nijeriya a 1978. An kafa Kano Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, ta kuma kasance mallakar gwamnatin jiha. Wannan batu na mallaka shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya, domin gwamna ne yake naɗa hukumar gudanarwa, shi ne kuma yake rushe ta.

Sai da aka shekara 18 kafin Pillars ta ɗauki kambun lig na farko, a 2008, ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. A shekarar da ta biyo ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofi a lokacin, daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A kakar 2009 zuwa 2010 wani matashi mai suna Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18 a lig, daga nan ya wuce ƙasar Holan. Sannan sai ga kambu uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014.

Akwai abin lura a waɗannan shekaru uku. Muhammad Baba Ganaru ne ya horar da ƙungiyar a biyu na farko, Okey Emordi ya karɓa a na uku, amma kofi bai bar Kano ba. An sauya mai tsayuwa a bakin fili, ofis kuwa bai girgiza ba, kuma ginshiƙan ƴan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai suna nan daram. Dukkan shekarun uku kuma sun faɗo cikin wa'adin gwamna guda, Rabi'u Musa Kwankwaso, daga 2011 zuwa 2015. Ke nan mai naɗi ɗaya, ofis ɗaya, tsari ɗaya.

Shekarar 2015 ta zo da abubuwa uku. A watan Maris ƴan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata ƴan wasa biyar. A watan Mayu gwamnati ta sauya hannu. A watan Agusta kuma Nasarawa United ta doke Pillars da ci 2 da 1 a filin wasa na Sani Abacha, ta kawo ƙarshen shekara 12 da ƙungiyar ta yi ba a ci ta a gida ba a lig. Wanda ya ce ɗaya daga cikin ukun nan shi kaɗai ya jawo koma baya, ya yi gaggawa. Daga lokacin dai har shekara goma bayansa kambun lig bai sake komawa Kano ba, sai kofin ƙalubale da aka samu a 2019 a Kaduna, bayan doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Shekarar faɗuwa

Ruwa ba ya tsami banza. A 2020, lokacin annobar korona, an mayar da filin Sani Abacha wurin killace majinyata, kuma ƙungiyar ta daɗe tana karɓar baƙinta a Kaduna. Masu gida suka zama baƙi, kuɗin ƙofa ya ragu, gajiyar hanya ta ƙaru. Da aka dawo Kano a watan Afrilun 2022, wasan da aka yi da Katsina United ya ƙare da tarzoma: magoya baya suka kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta zaftare wa Pillars maki 3, ta ci ta tarar naira miliyan 9, ta kuma tura ta Abuja ta riƙa wasanninta na gida.

A watan Yuni na shekarar aka yi abin da ya fi wannan muni. A wasa da Dakkada, hukumar gasar ta sami shugaban ƙungiyar da kansa, Surajo Shu'aibu Yahaya, da laifin cin zarafin mataimakin alƙalin wasa, ta kuma kore shi daga harkokin gasar. Gwamnatin Kano ta sauke shi, ta damƙa riƙo a hannun Ibrahim Galadima.

Wannan kora ba ta da abin musu. Shugaban da aka ɗora wa alhakin kare alƙali, idan shi ne ya ɗaga masa hannu, babu bakin da zai yi wa ɗan kallo faɗa gobe. A nan laifin na mutumin ne, an gan shi da ido, kuma barinsa a kujera zai zama izini ga na ƙasa. Sai dai korar ba ta ceci kakar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: saura ƴan makonni gasa ta ƙare, kuma a watan Yuli Pillars ta faɗa rukuni na biyu, tare da Katsina United da Heartland da MFM ta Legas.

Shi kansa Galadima ya san ɗacin irin wannan shari'a. Shi ne shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya lokacin da Angola ta riƙe Super Eagles 1 da 1 a Kano a watan Yunin 2005. Ƙasashen biyu suka ƙare da maki daidai, Angola ta tafi gasar cin kofin duniya ta 2006 saboda ta fi rinjaye a haɗuwarsu biyu. Aka yi masa ca, kuma ko da yake ya sake cin zaɓe a ƙarshen 2005, rikici da gwamnati bai lafa ba sai da aka sake wani zaɓen a 2006, Sani Lulu ya hau. Mutumin da aka ture saboda sakamako shi ne aka nemo bayan shekara 16 ya kashe gobara.

Bayan kora

Pillars ta koma babban rukuni a 2023, bayan kaka ɗaya tak. A wannan shekara ma gwamnati ta sake sauya hannu, Abba Kabir Yusuf ya hau, hukumar ƙungiya ta bi sahu. An ci gaba da sauye-sauye har zuwa watan Yulin 2025, lokacin da aka naɗa Ahmed Musa babban manaja, alhali yana cikin masu buga mata wasa. Da wuya a sami sunan da mutanen Kano suka fi amincewa da shi a wannan fage.

Wata uku bayan naɗin, a Oktoban 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a filin Sani Abacha, aka tashi 1 da 1. Ƴan kallo suka afka cikin fili, suka far wa alƙalai da baƙi. Hukunci ya fito: an zaftare maki 3, tarar naira miliyan 9.5, an rufe fili, an tura ƙungiyar Katsina. Mai karatu ya ɗora wannan a kan abin da ya faru a Afrilun 2022 ya gani. Gwamna daban, shugabanni daban, mai horarwa daban, amma fili ɗaya, laifi ɗaya, hukunci kusan ɗaya. Cutar da ta tsira daga sauyin shugabanni ba a jikin shugaba take ba. Tana cikin tsarin tsaron fili, da yadda ake sayar da tikiti, da alaƙar ƙungiya da magoya bayanta, kuma waɗannan ba ayyuka ne da mai wa'adin shekara ɗaya zai gama ba.

Wani misali daga Amurka

Amurkawa suna da wasa da suke kira besbol, inda ake dukan ƙwallo da kulki a zagaya sansani huɗu, kuma babu wasan da ya kai shi girmama muƙamin babban manaja. A ƙarshen 1950 ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta ɗauko Branch Rickey, mutumin da ya buɗe wa baƙar fata Jackie Robinson ƙofar babbar gasa a 1947. Maimakon sayen manyan ƴan wasa, Rickey ya zuba kuɗi a kan yara. A 1952 ƙungiyar ta ci wasa 42, ta faɗi 112, ta zama abin dariya, kuma bayan kakar 1955 ya bar kujerar. A 1960 Pirates ta doke New York Yankees ta zama zakara, kuma cikin taurarinta har da Roberto Clemente da Bill Mazeroski, yaran da aka ɗauko a zamanin Rickey. Ya shuka, wani ya girbe.

Manomin Adar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a Keita a 1984, bayan fari, wanda ya auna masu aikin da damina ɗaya zai ce asara suka yi. Itatuwan da aka dasa da shingayen dutse da aka jera a kan fako sai bayan shekaru suka nuna amfaninsu.

A gida Nijar

Mu ma muna da namu labarin. A 2011 Haruna Dula ya kai Mena gasar cin kofin Afirka a karon farko a tarihi, ya tsallake Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo, hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi kyautar gwarzon mai horarwa na shekara. A gasar ta 2012, da Gabon ta ci Mena 2 da nema a wasan farko, sai aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis. Tunisiya ta ci mu, Maroko ta ci mu, muka dawo ba maki ko ɗaya. Shugaban hukumar ƙwallo ta ƙasa, Jibrilla Hima Hamidu, wanda ya hau a 2009, ya zauna a kujerarsa fiye da shekara goma bayan haka. A Kano shugaba ne yake saurin tafiya, a Yamai mai horarwa ne ya biya bashin, amma a wuraren biyu wanda yake da ikon kora ba a tambaye shi komai ba.

Batun mallaka kuwa ya fi fitowa fili a wajenmu. Yawancin ƙungiyoyin da suke ɗaukar kofi a Nijar na hukumomi ne da kamfanonin gwamnati da ke Yamai: AS FAN ta soja, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, USGN ta jandarmomi, da na kwastan da ƴan sanda da Nigelec da Sonidep. Ƙungiyoyin jihohi, irin su Ader FC ta Tawa, ba su da irin wannan rumbu a bayansu. Shugaban da aka ba ƙungiya babu kuɗin motar zuwa Damagaram ko Arlit, in an kore shi, magajinsa zai tarar da aljihun nan dai babu kowa.

Kammalawa

Tarihin nan bai ce kada a taɓa korar shugaba ba. Wanda ya ci amanar kuɗi, ko ya danne albashin ƴan wasa, ko ya zubar da mutuncin kujera kamar yadda aka gani a Yunin 2022, tafiyarsa wajibi ce ko da ƙungiya tana kan gaba a teburi. Haka nan wanda aka ba kuɗi da lokaci, ya shekara uku ko huɗu ba a ga yaro ɗaya da ya reno ba, ba a ga gyara a fili ba, shi ma ya isa a sallama. Amma wanda laifinsa kawai shi ne kaka ɗaya ta yi muni, a fara duba abin da ya tarar, da abin da aka ba shi, da abin da ya dasa.

Kafin ƴan fada su yanke hukunci a gaba, akwai tambayoyi da ya kamata su aika wa mai ƙungiya, ko gwamna ne ko kanar ko attajiri. Wa'adin shekara nawa ya ba wanda ya naɗa? An rubuta abin da ake so ya cim ma? An saki kuɗin da aka yi alkawari a kan kari? Wanda zai gaje shi, don ya iya aka zaɓo shi ko don ya yi wahalar zaɓe? Idan mai ƙungiya ba shi da amsa, to shugaban da za a naɗa gobe ma da takardar sallamarsa a aljihu zai shiga ofis.