Gubar Agent Orange da Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya na Yaƙin Biyetnam

Wannan takarda za ta duba yadda sojan da ya dawo daga fagen fama lafiya lau ya wayi gari yana neman hukuma ta yarda cewa ciwonsa na yaƙi ne.

Tsakanin 1962 da 1971 jiragen saman Amurka sun fesa maganin kashe tsirrai wajen galan miliyan 19 a kan dazuzzuka da gonakin Biyetnam ta Kudu, don su tone maɓoyar 'yan sari-ka-noƙe, su kuma hana su abinci. Fiye da rabinsa shi ne Agent Orange, wanda ya sami sunansa daga zane mai ruwan goro da ke jikin gangunansa. Haɗin magunguna biyu ne, watau 2,4-D da 2,4,5-T, kuma wajen sarrafa na biyun ne ake samun guba mai suna dayoksin, wadda takan daɗe a kitsen jikin mutum.

To, a nan gizo ke saƙa. Raunin harsashi a bayyane yake, amma ciwon daji ba ya fitowa sai bayan shekaru, kuma ba wanda ya rubuta yawan gubar da kowane soja ya shaƙa. Saboda haka hukumar kula da 'yan mazan jiya ta yi ta korar koke-kokensu, wai ba hujja. Da suka kai kamfanonin ƙara, ciki har da Dow da Monsanto, sai aka sasanta a 1984 bisa dala miliyan 180, ba tare da kamfanonin sun amsa laifi ba. Abin da ya kai hannun mutum guda bai taka kara ya karya ba.

A ganina, dokar 1991 ta fi wannan kuɗi muhimmanci nesa ba kusa ba, domin ta sauke wa soja nauyin kawo hujja. Muddin ya yi aiki a Biyetnam, ya kuma kamu da cutar da ke cikin jeri, sai a ɗauka gubar ce sanadi, a ba shi magani da diyya. An fara da cututtuka uku. Ciwon sukari ya shiga a 2001, hawan jini kuwa sai 2022, bayan da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Mayaƙan ruwa da suka yi aiki a tekun da ke gaɓar ƙasar ma sai a 2019 doka ta shigar da su.

Su kuwa mutanen Biyetnam da aka yi wa feshin a ka, sun shigar da tasu ƙarar a New York a 2004. Alƙali Jack Weinstein, wanda shi ne ya jagoranci sulhun 1984, ya kore ta a 2005.